Masu aikin da baƙo ba ya gani a gidan tarihi

Wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yakan tsaya gaban itacen Tenere da mota ta kayar a 1973, ya kalli tufafi da kayan ado na ƙabilun Nijar, ya fita. Can bayan ɗakunan nuni kuwa akwai ma'aikatan da ba ya haɗuwa da su, kuma su nake so matasan Maraɗi su sani.

Na farko shi ne mai rajista. A ce an kawo tulu daga Jiratawa. Kafin a ɗora shi a kanta, sai ya ba shi lamba, ya rubuta ta ƙanana a gindinsa, ya auna tsawo da faɗin baki, ya ɗauki hoto. Sannan ya shiga tambaya: wa ya gina shi, ina aka haƙo yumɓun, da me aka gasa, na ruwa ne ko na kayan aure? Tulun da ya rabu da wannan bayani ya yi asarar rabin darajarsa. Lambar nan ce kuma shaida in an sace shi.

Sai mai kula da lafiyar kaya, wanda aikinsa ya fi ba ni sha'awa. Kowa ya san fatar jar akuyar Maraɗi, amma fata ba ta jure sakaci: hunturu ya busar da ita ta tsage, damina ta sa mata fumfuna. Gara na cin itacen tambari, asu na huda lifidi, hasken rana na kashe shunin riga. Shi ya sa yake auna zafi da laima kullum, yana duba ƙarƙashin kaya ko zai ga garin da ƙwaro ya zubar. In ya gani, sai ya naɗe abin a leda ya sa a firiza kwanaki har ƙwarin su mutu, ba tare da feshin magani ba. Ko tukunya zai liƙe, da gam ɗin da za a iya warwarewa yake aiki, don na bayansa ya samu damar gyara kuskurensa.

Akwai masassaƙa da maƙeran da ke yi wa kaya mazauni, da masu gadi, da masu zagayawa da ɗalibai. Akwai kuma mai bincike, wanda ke zama gaban dattawa da rakoda.

Aikin ana koyon sa. A Porto-Novo ta Benin akwai makarantar adana kayan gado ta Afirka tun 1998, kuma Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997.

Abin da ke damuna shi ne kayan da ke hannunmu. Tsibiri na riƙe da sarautar Gobir, Maraɗi na riƙe da ta Katsina, kuma tambura da kakaki da sirdunan fada suna da masu kula da su na gado. Waɗannan dattawa sun san sunan kowane abu da ranar da ake fito da shi, sai dai sanin a ka yake. Abin da ba a rubuta ba kuwa yana iya salwanta dare ɗaya: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta tashi tsohon garin Maraɗi. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na iya fara rajistar nan da littafi ɗaya da wayar hannu, in ya nemi izinin fada ya zauna gaban masu tambari.