Sankarar nono: me ya sa magani yake daina aiki?

Manoman albasa na Galmi da na fadamun Ƙonni sun san wannan matsala. Ana fesa ma ƙwari magani, su mutu. Bayan ƴan shekaru sai a fesa maganin nan, ƙwarin su ƙi mutuwa, domin sun saba da shi. Haka yake faruwa ga sankarar nono, wadda ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijar.

Yadda ciwon yake kare kansa

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta. Sankara tana farawa idan wasu daga cikinsu suka riƙa hayayyafa babu tsayawa. Likitoci suna kashe su da magani mai ƙarfi da ake kira shimiyo, wanda ake yawan sawa ta jijiya.

Amma ƙwayoyin halitta suna aika ma juna saƙo cikin wasu ƴan jakunkuna da masana suke kira ekzozom. An gano su a shekara ta 1983. Ido ba ya ganin su: sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin gashi guda.

A ɗakunan bincike an ga abubuwa uku. Na farko, ƙwayar sankara tana zuba magani cikin jakar, ta jefar da shi waje. Na biyu, ƙwayar da ta iya korar magani tana aika dabarar ga maƙwabtanta, su ma su iya. Na uku, wasu jakunkuna suna tare wani irin magani a hanya kafin ya kai ga ciwon. Masana suna neman hanyar toshe wannan saƙo, amma aikin bai kai ga asibitoci ba tukuna.

Abin da yake hannunmu

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin ƙullutu yana da sauƙin cirewa. Idan ya girma ya bazu, ƙwayoyi masu taurin kai sukan yi yawa.

Ya ku mata, ku duba nononku sau ɗaya kowane wata, bayan al'ada. Ga alamomin:

1. Ƙullutu cikin nono ko hammata, ko da ba ya zafi.
2. Kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini.
3. Fatar nono ta zama kamar ɓawon lemu.

Ba kowane ƙullutu ne sankara ba, likita ne yake tantancewa. A tafi gidan likita mafi kusa, a Illela, Malbaza ko Ƙonni. Kada a tsaga wurin, kada a ƙona shi. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, inda aka buɗe sashen gasa ciwon da na'ura a shekara ta 2021.

Wadda ta fara shimiyo kada ta tsallake ranar da aka ba ta. Amai da zubar gashi suna wucewa, gashi yana sake tsirowa. Tsayawa a tsakiya yana ba ƙwayoyin da suka rage damar farfaɗowa.

Ya ku maza, Yamai ta fi kilomita 400 daga Ƙonni. Kuɗin mota da rakiya suna wuyanku. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta ma matan gidansa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.