Hudar Bayan Wuya: Adon Da Fata Ba Ta Cika Riƙewa Ba

Huda jiki domin ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda aka saba huda kunnen 'ya mace tun tana jaririya, wasu matan kuma suke huda hanci, sai dai akwai wata irin huda da ta yaɗu a Amurka da Turai a ƙarshen ƙarni na 20, wadda hotunanta ke yawo yanzu a wayoyin matasa ta Instagram da TikTok. Ita ce hudar bayan wuya, wadda ake gani a matsayin 'yan ƙwallaye biyu na ƙarfe zaune a kan fata, ƙasa kaɗan da inda gashin ƙeya ya ƙare. Sana'ar hudar zamani ta kafu ne bayan da wani mai suna Jim Ward ya buɗe kamfanin Gauntlet a jihar Kalifoniya a 1975, kuma a 1994 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu mai suna APP, wadda ke fitar da ƙa'idojin tsafta da na kayan aiki. Ko a wajen waɗannan ƙwararrun, hudar bayan wuya tana cikin waɗanda ake yi wa mai so dogon gargaɗi kafin a taɓa shi da allura.

Dalilin gargaɗin yana cikin yanayin hudar kanta. A kunne, allura tana shiga ta gaba ta fita ta baya, naman kuma ya kewaye ɗan kunnen ta kowane ɓangare ya riƙe shi. Bayan wuya kuwa shimfiɗaɗɗiyar fata ce wadda ba ta da gaba da baya, don haka mai huda yakan tattaro fatar, ya ratsa ta da allura a kwance, ta yadda ƙofar shiga da ta fita duk suna fuska ɗaya, abin da ake kira hudar saman fata. Abin da ake zurawa ciki wani ɗan sandan ƙarfe ne mai kaurin milimita 1.6 ko 2, wanda aka lanƙwasa bakunansa biyu suka miƙe sama, jikinsa yana kwance a ƙarƙashin fata, kawunan adon kaɗai ke leƙowa waje.

Jikin ɗan'adam yana ɗaukar wannan ƙarfe a matsayin baƙon abu, yana kuma ƙoƙarin turo shi waje sannu a hankali kamar yadda yake fitar da sartse, kuma tun da fatar da ke rufe da shi ba ta da kauri, sau da yawa jikin ne ke yin nasara. Wuya ba ya hutawa da motsi, yana juyawa yana sunkuyawa daga safe har dare, ga wuyan riga da sarƙa da mataji da jelar kitso da ɗaurin ɗankwali ko hijabi duk suna gogar wurin, ga kuma matashin kai da ke danne shi idan an kwanta rigingine. Ko da komai ya tafi daidai, warkewar irin wannan huda takan ɗauki wata 6 zuwa 9, wani lokaci fiye da haka, kuma warkewar ba ta nufin ƙarfen ya zauna ke nan, domin yakan fara fitowa bayan watanni ko shekaru. Alamun hakan ba su da wuyar ganewa ga wanda ke dubawa: tazarar da ke tsakanin ramukan biyu tana raguwa, ramukan suna faɗaɗa, fatar tsakiya tana yin siriri da sheƙi har a riƙa hango ƙarfen ta cikinta. Matsalar ita ce wanda aka yi wa hudar ba ya ganin ƙeyarsa, sai da madubi biyu ko da idon wani.

Akwai jita-jitar da ta daɗe tana yawo cewa huda bayan wuya na iya shanye jikin mutum, alhali laka, wato babbar jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, tana can ciki a bayan tsoka mai kauri da ƙashi, inda allurar da ta tsaya a fata ba ta kaiwa. Illar wannan jita-jita ita ce tana ɗauke hankali daga haɗarin da ke nan da gaske. Na farko shi ne cututtukan da ke bin jini, wato ciwon hanta nau'in B da C da kuma ƙanjamau, waɗanda allurar da aka yi wa wani amfani da ita kan iya ɗauka, kuma ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Najeriya da Nijar, ƙwayar cutarsa tana iya rayuwa a busasshen jini na tsawon aƙalla mako guda. Goge kayan aiki da sifirit ko tsoma su a ruwan zafi bai wadatar ba. Abin da ake buƙata shi ne sabuwar allura da aka buɗe a gaban mutum, da kayan da aka turara a tukunyar asibiti mai matsin tururi, wadda zafinta ke kai maki 121 a ma'aunin Salshiyas. Shi ma ƙarfen adon abin dubawa ne, domin mai araha yakan ƙunshi sinadarin nikel da ke jawo wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje, abin da ya sa Tarayyar Turai ta yi dokar taƙaita shi a kayan huda tun 1994, ƙwararru kuma suka fi son taitaniyom irin wanda likitoci ke dasawa a jiki.

Abin da ya fi shafar mai baƙar fata shi ne tabo. Akwai wani irin tabo da likitoci ke kira kiloyid, wanda ba ya tsayawa a iyakar rauni, sai ya ci gaba da tasowa yana yin tudu mai tauri da ƙaiƙayi har ya zarce girman raunin da ya haifar da shi, kuma ya fi samun mutanen da asalinsu na Afirka ne, musamman matasa, yakan kuma bi dangi. Ƙeya da bayan wuya suna cikin wuraren da irin wannan tabo ke so, kamar yadda ake gani a ƙurajen da kan taru a ƙeyar wasu maza masu yawan aski ƙasa-ƙasa, su dunƙule su zama tudu. Hotunan da ke jan hankalin matasa galibi an ɗauke su ne a ranar hudar ko 'yan makonni bayanta, ba kasafai ake nuna yadda wurin ya koma bayan ƙarfen ya fita ba. Duk wanda hudar kunne ko shasshawa ko tsagar ƙaho ta taɓa bar masa tabo mai tudu, ko aka san da hakan a gidansu, ya kamata ya haƙura da wannan ado, haka ma mai ciwon suga, da mai ciwon zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, sai in likita ya amince.

Wanda ya riga ya yi hudar, kulawar da ake so ba ta da yawa, sai dai tana buƙatar haƙuri: a wanke hannu kafin a taɓa wurin, a wanke shi da ruwan gishirin asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, a busar da shi da tsaftatacciyar takarda, a ɗage gashi sama, kada kuma a riƙa juya ƙarfen ko a shafa masa sifirit ko man zafi ko man kitso, domin suna ƙona sabuwar fata ko su toshe ramin. Ɗan farin ruwan da ke bushewa a bakin rami ba abin tsoro ba ne, amma mugunya mai wari, da kumburin da ke yaɗuwa, da zafin wurin, da zazzaɓi, alamun shigar ƙwayoyin cuta ne da ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba, kuma a wannan hali likita ne zai yanke shawarar cire ƙarfen, saboda ramin na iya rufewa a kan mugunya ya zama maruru. Idan kuwa alamun turowa ne suka bayyana, cire shi da wuri ya fi, domin hakan yakan bar ɗigon tabo biyu, barinsa ya ɓarko da kansa kuma yakan bar doguwar tsaga. In kiloyid ya riga ya taso, likitocin fata kan yi masa allurar sitiroyid a cikin tudun sau da dama a tsawon watanni, domin yanke shi kaɗai yakan sa ya dawo, wani lokaci har ya fi na da girma.