Jarumi Ɗaya Ya Zama Dubu: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Jama'a, yau gidan gem muka nufa. Duk mai son wasannin takobi da dodanni, irin waɗanda mutum ke bugawa shi kaɗai, ya taɓa cewa a ransa da ma a buɗe su a intanet abokai su shigo. To, an sha gwadawa, kuma abin ya ba da labari.

A Skyrim na 2011 kai kaɗai ne zaɓaɓɓen da zai ceci duniya. Da ɗan'uwansa The Elder Scrolls Online ya fito a 2014, sai ga dandazon zaɓaɓɓu sun kewaye dattijo ɗaya, yana raɗa wa kowannensu cewa shi ake jira. Kowa ango, babu ɗan rakiya!

A Skyrim ɗin dai, 'yan wasa sun gano cewa in ka kifa wa mai shago bokiti a ka, ba ya ganin abin da kake kwashewa. Gwada wannan inda mai shagon mutum ne mai rai a bayan wayarsa, ka ga ikon Allah.

Wasan Ultima ya faro a 1981 da ɗan wasa ɗaya, ya koma na taro a 1997. Masu shi sun tsara daji mai rai, zomaye da barewa na kiwo, kyarkeci na farautarsu, dodo kuma ya faɗo gari in nama ya yi masa ƙaranci. Ana buɗe ƙofa 'yan wasa suka karkashe duk wani mai numfashi tun kafin dodo ya ji yunwa, dole aka soke tsarin baki ɗaya. Ko zomo bai sha ba.

Sarkin wannan duniyar, Lord British, an yi shi ne yadda makami ba ya kama shi. A watan Agustan 1997, lokacin gwaji, aka manta ba a mayar masa da kariyarsa ba, wani ɗan wasa ya watsa masa wutar tsafi yana tsaka da ganawa da talakawa. Ran sarki ya daɗe, amma ba a ranar ba.

Can ne kuma aka yi rikicin filaye. Kowa na son gina gida, fili ya ƙare, har aka riƙa sayar da fadojin cikin wasa da dalar gaske. Bangon hoto, kuɗin aljihu.

Ga kuma matsalar da ta fi shafar mu. Wasan mutum ɗaya yana da ladabi: a kira sallah ko Inna ta aike ka cefane, ka danna maɓalli, dodo ya daskare da bakinsa a buɗe har ka dawo. Na intanet kuwa ba ya jiran kowa. A ɗauke wuta, mai gidan gem ya fita da gudu yana fizgar igiyar janareta, yara na leƙe ta taga, kai kuma jaruminka na can tsaye ƙiƙam a gaban dodo ana jibgarsa. Data ma tana cikin kayan yaƙi.

A 2008 wata tawaga a Final Fantasy XI ta shafe awa 18 tana fafatawa da dodo guda, har wasu suka fara amai, suka haƙura. Daga baya aka ƙayyade faɗan zuwa awa biyu. Dodo ya ƙoshi, jarumai sai kunu.

Final Fantasy XIV kuwa ya fito a 2010 bai karɓu ba. Maimakon a rufe shi shiru, a 2012 aka sa wani jan wata ya rufto wa duniyar a idon 'yan wasa, sannan aka sake gina ta a 2013. An yi rusau, kuma masu gidajen suka tafa.

Ku kwatanta da labarin Daura. Baƙo ɗaya ya kashe macijin rijiyar Kusugu cikin dare. A intanet kuwa sai an yi layi, macijin ya farfaɗo bayan 'yan mintuna, na gaba ya matso da takobinsa. Kawuna ɗari a ƙofar fada, sarauniya ɗaya!

Da za a gina irin wannan duniyar a kan Mubi, kayan aiki a shirye suke: kogon dodo a duwatsun Mandara, aljanun ruwa a kogin Yedzaram, ayarin fatake daga Kamaru. Ni dai na fi ɗokin ganin kasuwarta, don kafin mako ya zagayo rabin jaruman sun rataye takubba sun koma dillanci, ana ciniki da Hausa, ana ragi da Fulatanci, ana canjin sefa a gefe. Dodon ma da la'adarsa za a sallama shi.