Man inji a abincin shanu: yadda yake kaiwa ga ƙwaryar nono

Yawancinmu mun san haɗarin ba dabba dusa mai ruma ko ruɓaɓɓiyar harawa. Amma akwai wani haɗari da ba mu cika kula da shi ba, wato man inji, giris, gas da baƙin mai waɗanda suke shiga abincin dabbobi. Irin wannan mai daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, ba kamar man gyaɗa ko manja ba. Jikin dabba ba ya narkar da shi kamar abinci. Wasu gubobin da ke cikinsa suna narkewa a kitse, saboda haka suna taruwa a jikin saniya, su fito a cikin nono da man shanu. Abin da saniya ta ci yau yana iya zama abin da 'ya'yanmu za su sha gobe.

Abin da ya faru a Beljiyam

A watan Janairu na 1999, a ƙasar Beljiyam, wani mai irin wanda ake zubawa a taransifomar lantarki ya shiga cikin tsohon man suya da kitse da ake tarawa don haɗa abincin dabbobi. Man yana ɗauke da guba mai suna PCB, kimanin kilo 50, tare da wata guba mai suna dayoksin wadda ba ta wuce giram 1 ba. Aka haɗa abinci wajen tan 500 da wannan kitse, aka rarraba wa gonaki.

Masu kiwon kaji ne suka fara ganin alama a watan Fabrairu. Kaji suka kama ciwo, ƙwai suka daina ƙyanƙyashewa. Amma ba a sanar da jama'a ba sai ƙarshen watan Mayu. A lokacin mutane sun riga sun ci ƙwai da naman da yawa. Aka kwashe kaji da ƙwai daga kantuna, aka rufe gonaki fiye da 2,000, har da na aladu da na shanu. Aka hallaka miliyoyin kaji. Ƙasashe da dama suka hana shigo da nama da kayan madara daga Beljiyam, manoman da ba ruwansu ma suka yi hasara. Ministoci biyu suka sauka daga muƙaminsu, gwamnati kuma ta faɗi zaɓe a watan Yuni. A shekarar 2000 ƙasar ta kafa hukuma guda mai lura da abinci tun daga gona har kasuwa.

Darasi biyu muka koya a nan. Guba kaɗan tana iya ɓata abinci mai yawa. Kuma yin shiru yana ƙara ɓarna.

Wata cutar shanu a Amurka

Tun kafin wannan, a shekarun 1940, shanu a Amurka suka riƙa kamuwa da wata cuta da ba a san dalilinta ba. Fatarsu takan yi kauri ta tattare, hawaye da yawu suna zuba, su rame, da yawa su mutu. Sai a farkon shekarun 1950 aka gano tushenta. Wani sinadari ne da ake sa wa man inji da giris. Yakan ɗiga cikin abinci daga injinan haɗa abincin dabbobi, wasu shanun kuma sukan lashi giris a jikin injinan gona. Maruƙa ma sun kamu ta wurin nonon iyayensu. Da aka daina sa sinadarin, cutar ta ragu ƙwarai.

Ta ina mai yake shiga a wurinmu?

Ba mu da manyan masana'antu a ƙauyukanmu, amma hanyoyin iri ɗaya ne:

• Injin niƙa mai yoyo. Mai da giris suna ɗiga cikin dusa, ko a share garin da ya zube a ƙasa kusa da inji a sayar wa masu kiwo da araha.
• Shanya a kan kwalta. Hatsi, ɓawon rogo da harawar da aka shanya a bakin titi suna kwasar man da motoci suke zubarwa.
• Tsofaffin jarkoki da durom. Mazubin da ya taɓa ɗaukar gas, kananzir ko baƙin mai ba ya wankuwa sarai, ko da an sa sabulu.
• Ɗaukar kaya. Buhun dusa ko ƙuli-ƙuli yakan jiƙe idan an ɗora shi kusa da jarkar mai a bayan mota.
• Baƙin mai a kan fata. Wasu suna shafa wa dabba baƙin mai don kashe kaska ko ƙazuwa. Dabbar takan lashe shi, wani kuma ya ratsa fata.
• Wurin bakanike. Shanu suna son lasar mai da tsohon batir. Batir yana ɗauke da dalma, guba ce mai kashe dabba da sauri, musamman maraƙi.

An daina sayar da fetur mai dalma, amma har yanzu baƙin mai yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da sinadaran da suke iya jawo ciwon daji.

Alamun da za mu lura da su

Dabbar da ta sha mai da yawa takan ƙi cin abinci, ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura. Kashinta yakan yi maiƙo da warin mai. Idan mai ya shiga huhu, takan yi tari da numfashi sama-sama. Gubar dalma kuwa tana sa makanta, cizon haƙora, tangaɗi da farfaɗiya.

Abin tsoro shi ne, idan guba kaɗan-kaɗan take shiga, saniya tana iya kasancewa lafiya a ido, tana ba da nono kamar kullum. Tafasa nono yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da irin wannan guba. Mayar da shi kindirmo ma ba ya fitar da ita. Tun da a kitse take zama, ta fi taruwa a man shanu. Yara ƙanana, mata masu ciki da masu shayarwa su ne suka fi shiga haɗari.

Me za mu yi?

• Mu sunsuni dusa da ƙuli-ƙuli kafin mu saya. Mu murza kaɗan a farar takarda. Idan akwai warin gas ko baƙin tabo, kada mu saya, komin arharsa.
• Mu yi shanya a kan tabarma, tsabtataccen tamfol ko daɓe, nesa da titi.
• Mu ware wa abinci da ruwan dabbobi nasu mazubi, mu sa masa alama.
• Mu ajiye mai, batir da maganin feshi a wani ɗaki dabam da na abincin dabbobi.
• Masu injin niƙa su gyara yoyo da wuri, su sa faranti a ƙarƙashin inji ya tare mai, su daina sayar da sharar ƙasa.
• Mu nemi maganin kaska da ƙazuwa wurin malamin dabbobi, mu bar baƙin mai.
• Kada mu ɗura wa dabba kananzir ko gas don kumburin ciki. Man gyaɗa ya fi aminci, a ba ta a hankali kada ta shaƙe.

Idan muna zargin dabba ta ci abinci mai mai, mu janye abincin nan take, mu ajiye kaɗan a kwalba mai tsabta don a duba. Mu kira malamin dabbobi. Kada a sha nononta, kada a kai shi kasuwa, sai malamin ya ce babu laifi. Mu gaya wa wanda ya sayar mana da sauran waɗanda suka saya a wurinsa. Zubar da nonon kwanaki hasara ce mai zafi ga iyalin da ya dogara da shi, shi ya sa yana da kyau ƙungiyar masu kiwo ko zumuntar mata su shirya yadda za su tallafa wa gidan da hakan ta same shi. Wanda ya san za a taimake shi ba zai ɓoye gaskiya ba.

Tambayoyi don tattaunawa

• A ina muke sayen dusa, kuma yaya injin wurin yake?
• Ina ake zubar da baƙin mai da tsofaffin batura a garinmu? Dabbobi suna kaiwa wurin?
• Wa zai yi magana da masu injin niƙa, kuma yaya za a yi ta cikin ladabi?
• Idan nonon wani gida ya gurɓata, yaya za mu taimaka musu har saniyarsu ta warke?