Tseren juriya: motocin da suka ratsa Tenere

Jama'a, mu duka mun san sukuwa. Ran salla mahaya kan fito fili, a saki dawaki ko raƙuma, ƙura ta tashi, mata su yi guɗa. Kafin ka shanye kofin shayi ɗaya an gama, an san wanda ya ci. Wannan tseren gudu ne zalla.

Amma akwai wani irin tsere daban. Shi ba a gama shi nan take. Ana kwana ana yin shi. Wani ma sai an yi mako biyu ko uku. Shi ake kira tseren juriya. A nan gudu kaɗai ba ya ba mutum nasara. Sai motarka ta jure, kai ma ka jure, har ka kai ƙarshe. Irin wanga tsere ya sha ratsa ƙasarmu Nijar. Waɗanda ke sauraron rediyo a shekarun baya za su tuna sunansa: Pari-Dakar.

Yini da kwana cikin mota

Kafin mu zo kan na ƙasarmu, bari mu leƙa Faransa. Can akwai wani gari, Le Mans, ana faɗin sunan Leman. Tun 1923 ake tseren motoci a garin. Hanyar tseren kwalta ce, ta zagayo ta dawo inda ta faro. Tsawonta ya kai kilomita 13 da rabi. Wani sashe nata hanyar kowa da kowa ce, ran tsere ne ake rufe ta.

Galibi a watan Yuni ake yi. Motoci kan tashi ran Asabar da yamma. Ba za a tsaya ba sai ran Lahadi da yamma, awa 24 cif. Motar da ta fi kowa yawan zagaye, ita ta ci.

Mutum ɗaya ba ya iya wanga aiki. Saboda haka kowace mota direba uku gare ta. Suna karɓar juna kamar masu jan ruwa a rijiya mai zurfi: ɗaya na aiki, biyu na hutawa. Gefen hanya akwai rumfunan gyara. Nan mota ke shigowa ta sha mai, a sauya mata taya, makanikai su duba ta da sauri, ta koma. Dare ya yi, a kunna fitila a ci gaba. Ruwa ya sauko, a ci gaba.

A 2010 motar da ta ci ta yi kilomita 5,410. Wato kamar mutum ya tashi daga Maraɗi ya je Yamai ya komo har sau huɗu, cikin yini da kwana ɗaya!

To, ku ji yadda juriya ke yanke hukunci. A 2016 motar kamfanin Toyota ce ke gaba. Saura kamar minti 3 a tashi, sai ta rasa ƙarfi, ta tsaya a gaban ƴan kallo. Motar Porsche ta wuce ta, ta ci. Sai a 2018 Toyota ta samu nasararta ta farko a Leman.

Mutumin da ya ƙi gudu

A da, in za a fara tseren Leman, ana jera motoci gefe guda, direbobi su tsaya ɗaya gefen. Da an ba da alama sai su sheƙa da ƙafa, kowa ya faɗa motarsa ya tashe ta. Don gaggawa, da yawa ba sa tsayawa ɗaura bel ɗin da ke riƙe direba a kujera.

A 1969 wani direba ɗan ƙasar Beljiyam, Jacky Ickx, mu ce Jaki Iks, ya ƙi yin haka. Kowa na gudu, shi yana takawa sannu. Ya shiga mota, ya ɗaure bel ɗinsa da kyau, ya tashi a bayan kowa. A zagayen farko wani direba ɗan Ingila ya yi haɗari ya mutu. Washegari da awa 24 ta cika, wa ke gaba? Jaki Iks. Tazarar da ya ba na biyu kamar mita 120 ce kawai. Daga shekarar da ta biyo aka daina wannan gudun ƙafa.

Ku riƙe sunan wanga mutum. Za mu sake gamuwa da shi a Tenere.

Yadda tseren ya iso ƙasarmu

A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine, mu ce Tiyeri Sabin, ya shiga wani tsere bisa moto. Ya ɓace cikin hamada, wajen iyakar Nijar da Libiya. Ya yi ƴan kwanaki shi kaɗai, ƙishirwa ta kusa kashe shi, kafin jirgin sama ya hango shi. Wani da ya sha irin wagga wahala ba zai sake waiwayar hamada ba. Shi kuwa sai ya ƙudura zai kawo wasu su gani.

Ran 26 ga Disamba 1978, motoci da moto da manyan kamiyo 182 suka tashi daga birnin Pari. Suka tsallake teku cikin jirgin ruwa zuwa Aljeriya. Suka shigo Nijar, suka bi ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali. Ran 14 ga Janairu 1979 aka isa Dakar, babban birnin Senegal. Tafiyar ta kai kamar kilomita 10,000. Cikin 182 ɗin nan, 74 kaɗai suka kai. Sauran duk hanya ta cinye su: wani inji ya mutu, wani ƙafar mota ta karye, wani direban ne ya gaza.

Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, a cikin sanyin hunturu. Agadas ta zama babban zangonsu. Wasu shekaru sun bi ta Dirku, wasu ta Tawa, maƙwabtanmu na yamma. A 1997 ma daga Dakar aka tashi, aka zo Agadas, aka juya aka koma Dakar.

Yaya ake yin shi?

Pari-Dakar ya bambanta da Leman. A nan ba zagaye ake yi ba, kuma mafi yawan hanyar babu kwalta. Tafiyar zango-zango ce, kamar ta ayari. Kowace safiya ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya. Ana rubuta lokacin da kowa ya tashi da lokacin da ya isa zango. A ƙarshe a tara duka. Wanda lokacinsa ya fi kaɗan, shi ya ci.

A cikin mota, ban da direba, akwai mai nuna hanya. A da yakan riƙe littafi da aka zana alamomi a ciki: nan rijiya, nan dutse, nan rami, nan a juya dama. Yana karantawa, direba na bi. In ya yi kuskuren layi ɗaya, sun ɓace. Kun ga karatu ma na cikin abin da ke kai mota gida.

In an shiga rairayi mai laushi, sai a rage iskar taya don ta baje, kada mota ta nutse. In ta kafe, a fito da shebur a tona, a shimfiɗa faifan ƙarfe ƙarƙashin taya. Da dare direbobi su kwanta, makanikai su kwana suna gyara.

Duk wannan, mutanen ƙasarmu sun riga su sani ta wata hanya. Tun kaka da kakanni ayarin raƙuma ke ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino. Madugu ba shi da littafi. Taurari da iska da launin rairayi su ne littafinsa.

Guguwar 1983

A 1983 ne tseren ya fara ratsa tsakiyar Tenere. Sai iska mai ƙarfi ta taso. Ƙura ta rufe sama da ƙasa, ba ka ganin abin da ke gabanka. Masu tsere wajen 40 suka ɓace. Tiyeri Sabin ya shiga jirgi mai saukar ungulu yana nemansu. Sai da aka yi kwana 4 kafin a gano su duka da rai.

A wannan shekara mai wuya, wa ya ci a ɓangaren motoci? Jaki Iks, cikin Mercedes. Mutumin nan da ya ƙi gudun ƙafa a Leman. Ya ci Leman har sau 6, ga shi kuma ya ci hamada. Sannu ba ta hana zuwa.

Shi kuwa Sabin, jirginsa ya faɗi a Mali ran 14 ga Janairu 1986, ana cikin tsere. Shi da mutum huɗu suka mutu. A Tenere aka watsa tokar gawarsa, gindin wani icce da ke tsaye shi kaɗai.

Riba da hasara

Ba a musun cewa wasu sun samu. In tseren ya sauka Agadas, gari kan cika. Masu masauki, masu nuna hanya, maƙeran azurfa, masu sayar da abinci, kowa ya ɗan taɓa. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka yi aiki da masu tseren. Hotunan Tenere da duwatsun Abzin sun shiga duniya, baƙi masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa.

Amma akwai hasarar da kuɗi ba ya biya. Motocin nan ta cikin garuruwa da ƙauyuka suke bi. Yara kan ruga kallo. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Mali. A 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. Direban tsere shi ya zaɓi ya shiga haɗari, da hular kwano da likita a bayansa. Yaron ƙauye bai zaɓi komi ba. Shi ya sa mutane da yawa, a Afirka da Turai, suka riƙa sukar wanga tsere. Suna cewa wasan masu kuɗi ne a ƙofar gidan talakawa.

Ina tseren yake yanzu?

A 2000 motocin sun iso Yamai, za su wuce Masar. Sai aka samu labarin ƴan bindiga na shirin tare su a arewa. Aka loda motocin cikin manyan jiragen sama, aka tsallake da su zuwa Libiya. Tun daga nan tseren bai sake ratsa Nijar ba. A 2008 aka soke shi gaba ɗaya saboda rashin tsaro a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi shi a Amurka ta Kudu. Tun 2020 a ƙasar Saudiyya ake yi, amma sunan Dakar bai bar shi ba.

Mu fa, mi ya shafe mu?

Wani zai ce: mu nan Bader Gula ba mu da motar tsere. Gaskiya ne. Amma hanyoyinmu na daji ne, rairayi da ramuka. Ran kasuwa mota kan ɗauki mutane da buhuna da bisashe, ta nufi Dakwaro. Samarinmu na bisa moto dare da rana. Ƴan'uwanmu da yawa na ratsa hamada zuwa Aljeriya da Libiya neman abinci. Wannan ma tafiyar juriya ce.

Bambancin shi ne, mai tsere in ya ɓace akwai jirgin da ke nemansa. Mu babu. A watan Oktoba 2013 motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Mutum 92 suka mutu da ƙishirwa, mafi yawansu mata da yara.

Don haka abin da masu tsere ke yi kafin su tashi, mu muka fi su bukatarsa. Direba ya duba mai da ruwan inji da birki da taya tun a gida. Kada a yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta. A ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a sha. A gaya wa na gida hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa. In barci ya zo wa direba, ya tsaya, ko wani ya karɓe shi. In an shigo gari, a rage gudu. Mu iyaye kuma mu hana yara rugawa hanya in sun ji ƙarar mota.

Fasinja ma na da baki. In direba na gudun da ya wuce hankali, ka ce mishi: "Malam, sassauta, ba tsere muke ba." In ya yi maka dariya, ba shi labarin Jaki Iks, wanda ya tashi a bayan kowa kuma ya riga kowa isa.

Tambayoyi

1. Mi ya bambanta sukuwa da tseren juriya?
2. Awa nawa ake yi a tseren Leman, kuma don mi kowace mota ke da direba uku?
3. A tseren Pari-Dakar na farko, 182 suka tashi, 74 suka kai. Nawa suka tsaya a hanya?
4. Wace riba da wace hasara tseren ya kawo wa mutanen ƙasashen da ya ratsa?
5. Ku tattauna a aji: waɗanne abubuwa ya kamata a shirya kafin doguwar tafiya daga garinmu?