Rikicewar Tsarin Kalsiyam a Ciwon Gazawar Zuciya

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda rikicewar tsarin sinadarin kalsiyam ke raunana zuciya. Tun a shekarar 1883 Sydney Ringer ya nuna a Landan cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa muddin babu kalsiyam a ruwan da ake ɗura mata.

2.0 Lafiyayyar Zuciya

A kowane bugu, kalsiyam kaɗan ne ke shiga ƙwayar tsokar zuciya daga waje. Wannan kaɗan ɗin shi ke buɗe ƙofofin wata ma'ajiya da ke cikin ƙwayar, wadda za mu kira rumbu. Daga nan kalsiyam mai yawa ya fito, ya haɗu da furotin mai suna toroponin, sai tsoka ta tsuke. Kafin ta saki kuwa, wajibi ne a kwashe shi. Famfon SERCA2a yana mayar da kimanin kashi 70 cikin 100 cikin rumbu, akasarin sauran kuma ana fitar da shi waje ta hanyar musanya da sodiyam.

3.0 Inda Matsala Take

A zuciyar da ta gaza, abubuwa uku ke faruwa. Na farko, aikin famfon yakan ragu. Na biyu, ƙofofin rumbu sukan yi yoyo a lokacin hutu. Na uku, musanya da sodiyam takan ƙaru. Saboda haka rumbu ba ya cika, bugu ya yi rauni, sakewar tsoka ta yi jinkiri. Haka kuma yoyon kan haddasa bugun da ba na ƙa'ida ba, wanda ka iya kashe majinyaci farat ɗaya.

4.0 Darasi ga Masu Magani

Ana iya zaton ƙara kalsiyam shi ne mafita, amma bincike bai goyi bayan haka ba. Digozin yana ƙara shi, yana rage kwanciya asibiti, sai dai gwajin 1997 bai nuna yana tsawaita rai ba. Milrinon na sha kuwa, gwajin 1991 ya nuna ƙara yawan mace-mace ya yi. Sabanin haka, magungunan toshe beta, waɗanda ke sassauta tasirin adirenalin, suna rage yoyon rumbu, suna kuma rage mace-mace.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin abin nema shi ne maido da daidaito tsakanin fitowar kalsiyam da komawarsa rumbu. Tilasta wa gajiyayyar zuciya ƙara ƙarfi ba ya warkar da ita.