Ko Kun Sani? Shekara 66 Kanawa Suna Jiran Kofi Ɗaya

Ko kun san cewa Kano ta yi shekara 66 tana jiran Kofin Ƙalubale na ƙwallon ƙafa na Najeriya? Ƙungiyar Kano ta ɗauke shi a 1953, daga nan bai sake komawa birnin ba sai a 2019.

Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta kai wasan ƙarshe a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. A wasan ƙarshe na 2018 a Asaba, Pillars ta riga ta ci Enugu Rangers 3-0, amma Rangers ta farke duka, ta kuma yi nasara a bugun fanareti. Duk da wannan takaici, magoya bayan Pillars, wato Sai Masu Gida, ba su juya baya ba, suka ci gaba da cika filin wasa na Sani Abacha. Shekara guda bayan haka, a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes a fanareti, kofin ya dawo gida. Ita ma Rangers sai da ta jira daga 1984 zuwa 2016 kafin ta sake lashe gasar lig.

Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wannan darasi ne gare ku, matasan Dandin Mahe, Bodinga da Shagari na jihar Sakkwato: kada Arsenal da Barcelona su mantar da ku Sokoto United. Ku je filin Giginya ku mara mata baya, domin ƙungiyar gida da mutanen gida take tsayuwa.